Awa 500 da Awa 2,000: Wa Ya Isa Ya Duba Marar Lafiya Shi Kaɗai?

A garuruwanmu, duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, likita ne. Malamin asibitin sha-ka-tafi likita ne. Mai kemis ɗin bakin kasuwa likita ne. Har yaron da ke yi wa mutane allura, muddin hannunsa ba shi da zafi, sai ka ji tsofaffi suna cewa likitan nan ya iya aiki. Na daɗe ina ɗauka mu kaɗai ke fama da wannan ruɗani, saboda ƙarancin likitoci da ƙarancin boko. Ashe Amurka, da duk arzikinta da manyan asibitocinta, tana da nata, kuma rigimar da ake yi a kai ta fi tamu zafi.

Idan mutum ya je ƙaramin asibiti a can da tari ko hawan jini, sau da yawa wanda zai duba shi ba likita ba ne. Ko dai nas ce da ta ƙaro karatu har aka ba ta lasisin duba marasa lafiya da rubuta magani, wadda suke taƙaita sunanta da NP, ko kuma mataimakin likita, wanda suke kira PA. Dukkansu suna tambayar marar lafiya abin da ke damunsa, su auna shi, su tura shi gwaji, su faɗi cutar, su rubuta magani. Ba kuma 'yan kaɗan ba ne. A 2023 ƙungiyar NP ta ƙasa ta ce masu lasisinta sun haura 385,000, su kuma PA sun wuce 170,000. Zan riƙa cewa "ita" ga NP, "shi" ga PA don kada zance ya cakuɗe, amma gaskiyar magana mata ne suka fi yawa a ɓangarorin biyu.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: horon da makaranta ke tabbatar wa PA ya fi na NP ƙarfi da daidaito, amma NP ce doka ta fi sakar wa mara. Wannan kifaffen tsari ne. Sai dai masu fakewa da wannan magana suna raina nas-nas baki ɗaya su ma ba su yi adalci ba, kuma zan zo kansu.

Abin mamaki, sana'o'in biyu tagwaye ne, shekara ɗaya aka haife su. A 1965, shekarar da gwamnatin Amurka ta kafa inshorar lafiya ta tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi, miliyoyin mutane suka sami damar zuwa asibiti alhali likitocin yau da kullum ba su isa ba, musamman a karkara. A Jami'ar Colorado, wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara koya wa nas-nas masu aikin lafiyar al'umma yadda ake duba yara. A Jami'ar Duke da ke Arewacin Karolina kuwa, Dokta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa su huɗu, mutanen da suka saba da rauni da jini amma ba su da takardar da za ta ba su aiki a asibitin farar hula, ya sa su a wani kwas da ya tsara bisa yadda aka riƙa horar da likitoci cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Uku daga cikinsu suka kammala a ranar 6 ga Oktoba, 1967. Wani abin da ba a cika faɗa ba: nas-nas Stead ya fara nufa. Tun a ƙarshen shekarun 1950 shi da wata malamar jinya, Thelma Ingles, suka buɗe kwas na ƙaro wa nas-nas ilimin likitanci, sai ƙungiyar da ke tantance makarantun jinya ta ƙi amincewa da shi. Da ta amince, wataƙila da yau sana'a ɗaya ake da ita, ba biyu ba.

A kula da irin mutanen da aka fara da su a ɓangarorin biyu. Tsofaffin hannu ne. Ba a ɗauko ɗanyen ɗalibi aka ce ya zama rabin likita ba. An ɗauko wanda ya riga ya goge ne aka ƙara masa. Wannan shi ne ginshiƙin da aka yi ginin a kansa, kuma shi ne yake ta zaizayewa.

Mu fara da PA. Mai son wannan aiki sai ya gama digirin farko da darussan kimiyya, kuma makarantu da yawa sai sun ga shaidar ya taɓa aiki da marasa lafiya, ko a motar ɗaukar marasa lafiya, ko a matsayin mai taya nas aiki, ko makamancin haka. Daga nan ya shiga karatun digiri na biyu na kimanin wata 27, ba hutu mai tsawo, ba kuma damar riƙe wani aiki a gefe. Shekarar farko a aji take ƙarewa: sassan jikin ɗan Adam, yadda cuta ke kama jiki, ilimin magunguna, yadda ake auna marar lafiya. Sai kuma zagayen asibiti na kimanin awa 2,000, kuma ba zaɓi aka ba shi ba. Dole ya ratsa sashen lafiyar iyali, da na cututtukan manya, da na yara, da na mata, da tiyata, da sashen gaggawa, da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukuma ɗaya ce ke tantance duk makarantun PA a ƙasar, jarrabawa ɗaya kowa ke zana, sannan duk shekara 10 sai ya sake tabbatar da iliminsa, ban da awa 100 na ƙarin karatu duk shekara biyu. Saboda haka idan aka ce maka wannan PA ne, ko daga wace jiha ya fito, ka san aƙalla abin da ya ratsa.

Ita NP hanyarta daban. Sai ta fara zama cikakkiyar nas mai rajista da digirin jinya, sannan ta ƙaro digiri na biyu ko na uku. Ba ta zagaya kowane sashe kamar PA. Tun daga farko take zaɓar rukunin mutanen da za ta kula da su: iyali gaba ɗaya, ko manya da tsofaffi, ko yara, ko jarirai sabbin haihuwa, ko mata, ko masu larurar ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na iyali suke zaɓa. Wannan tsari yana da nasa amfanin, domin wadda ta zaɓi lafiyar ƙwaƙwalwa duk lokacinta a can za ta ƙarar, alhali PA makonni kaɗan zai yi a sashen. Matsalar tana wajen lissafin awanni. Shekara da shekaru, mafi ƙarancin abin da ake nema daga ɗalibar NP na duba marasa lafiya ƙarƙashin kulawar malami shi ne awa 500. Sai a 2022 sababbin ƙa'idojin da ƙungiyoyin jinya suka fitar suka ɗaga shi zuwa 750.

A tsaya a yi lissafi. Awa 500, in ana aikin awa 40 a mako, mako goma sha biyu da rabi ne. Wata uku ke nan. Awa 2,000 kuwa shekara guda ce cur. Shi kuma likita, bayan shekara huɗu a makarantar likitanci sai ya ƙara shekara uku zuwa bakwai yana horon ƙwarewa, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ke ƙiyasta jimillarsa da awa 12,000 zuwa 16,000. Ko da an ce likitoci sun cika baki a lissafin don kare tuwonsu, tazarar ba ta ɓoyuwa.

To amma nas-nas suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Suna cewa: ku da kuke ƙirga awa 500, ina kuka kai shekarun da muka yi a bakin gadon marar lafiya kafin mu koma makaranta? Nas mai cikakken aiki takan yi zaman awa 12 sau uku a mako, wato wajen awa 1,800 a shekara. Wadda ta yi shekara goma a ɗakin masu matsananciyar jinya ta tara awa 18,000 tana kallon mutane suna farfaɗowa, wasu suna cikawa. Ta san launin fatar wanda jininsa ke zuba a ciki. Ta san irin shirun da yaro ke yi wanda ba na barci ba ne. Sau nawa irinta ta tashi sabon likita da tsakar dare ta ce masa zo ka sake duba wannan, kuma ya zo ya tarar ita ce da gaskiya? Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti, a ko'ina ne a duniya, ya san cewa nas ce ke kwana da marar lafiya, likita leƙowa yake yi. Wanda ya ce wannan gogewa ba komai ba ce, bai taɓa kwana a asibiti ba.

Duk da haka ina da ja a wuri biyu. Na farko, zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, amma farin kai bai sa ka san hanyar Bilma ba. Aikin nas a gefen gado shi ne lura, da ba da maganin da aka rubuta, da gane lokacin da abu ya fara lalacewa. Mafi yawan lokaci marar lafiyan ya zo hannunta ne an riga an sa wa cutarsa suna. Aikin mai duba marasa lafiya kuwa shi ne mutum ya shigo ya ce "ƙirjina ke ciwo", ba takarda, ba suna, kai kuma ka jero abubuwa goma da ka iya jawo hakan, ka ware ukun da ke kisa kafin gari ya waye, ka san gwajin da zai raba maka su. Wannan wata irin ƙwarewa ce ta daban, kuma ba a samun ta sai an yi ta a gaban wanda ya fi ka, kana kuskure yana gyara maka. Awannin makaranta su ne na wannan gyaran. Shi ya sa ƙarancinsu ke damuna.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: ba kowace NP ce ta yi waɗannan shekaru goma ba. Makarantu da yawa ba sa sharɗanta doguwar gogewa. Akwai ma kwasa-kwasan da ke ɗaukar wanda ya yi digirin farko a wani fanni dabam, su mai da shi nas, su zarce da shi zuwa NP ba tare da ya zauna ya yi aikin jinya na a-zo-a-gani ba. Ga kuma karatu ta intanet da ya bunƙasa ƙwarai, inda makaranta kan ɗauki ɗalibai masu yawa, sannan a wurare da dama ta bar wa ɗaliba nauyin nemo wanda zai koya mata aiki a asibiti da kanta. Har kamfanoni suka ɓullo waɗanda sana'arsu ita ce haɗa ɗaliba da mai koyarwa a biya su. Ka ga ke nan wata za ta dace da malami mai tsanani da zai sa ta duba kowane marar lafiya ta kawo masa bayani, wata kuma ta ƙare awanninta a tsaye a lungu tana kallo, a sa mata hannu a takarda. Su biyun lasisi iri ɗaya za su riƙe. Kamfanin labarai na Bloomberg ya yi dogon bincike a kan wannan a 2024, kuma cikin masu kokawa har da su NP ɗin kansu, tsofaffin da ke ganin ana zubar musu da mutuncin sana'a. Hujjar "shekarun bakin gado" hujja ce ta ƙwararru, amma waɗanda ba su yi shekarun ba su ma suna shan inuwarta.

Yanzu ga inda abin ya kife. Ya zuwa 2023, jihohi 27 da babban birnin ƙasar sun ba NP cikakken iko: ta buɗe asibitinta, ta duba, ta rubuta magani, ba tare da sa hannun wani likita ba. Wasu jihohin sun gindaya sharaɗin ta fara yin aiki na wani lokaci tare da likita, kamar New York da ke neman awa 3,600, wasu kuwa daga ranar da ta karɓi lasisi. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ma ta ba su wannan iko a asibitocinta tun 2016. Shi kuwa PA, mai awa 2,000, a mafi yawan jihohi har yanzu sai da yarjejeniya tsakaninsa da wani likita. Dalilin ba na ilimi ba ne, na tarihi da siyasa ne. Jinya sana'a ce mai cin gashin kanta, tana da hukumominta, tana da miliyoyin mambobi masu ƙuri'a. Shi PA a cikin gidan likitoci aka haife shi, hukumar likitoci ce ke ba shi lasisi a yawancin jihohi, sunansa ma ya nuna a ƙarƙashin wani yake. Da PA suka ga asibitoci sun fara fifita ɗaukar NP saboda ba ta buƙatar takardun sa-ido, sai su ma suka tashi neman 'yanci. Dakota ta Arewa ta sassauta musu a 2019, kuma a 2021 ƙungiyarsu ta zaɓi sauya suna daga "mataimakin likita" zuwa "abokin aikin likita". Wato maimakon a ja mai ƙarancin horo sama, sai kowa ya kama tseren kuɓuce wa sa-ido.

Kada a manta da kuɗi. Tun 1997 inshorar tsofaffi ta gwamnati ke biyan kashi 85 cikin 100 na kuɗin likita idan NP ko PA ne ya duba mutum, alhali albashinsu bai kama ƙafar na likita ba. Mai asibiti ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Me bincike ya nuna? Kowane ɓangare yana da wanda yake ɗagawa. A 2000 an wallafa wani gwaji da Mary Mundinger ta jagoranta a New York, inda aka raba marasa lafiya 1,316 tsakanin likitoci da NP a asibitocin kula da lafiya na yau da kullum, kuma ba a ga wani bambanci na kirki a sakamako ba. A 2022 kuma masana tattalin arziki biyu, David Chan da Yiqun Chen, suka duba sassan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojoji, suka ga waɗanda NP ta duba sun fi daɗewa da kashi 11 cikin 100, kuma sun fi komawa a kwantar da su kan abin da za a iya kauce masa. Ni ban ga saɓani tsakanin binciken biyu ba. Bibiyar mai ciwon sukari ko hawan jini da aka riga aka gano, aiki ne da nas mai haƙurin sauraro za ta iya yi kamar likita, wani lokaci ma fiye. Sashen gaggawa kuwa gidan cutar da ba ta da suna ne. Kuma binciken na biyu ya nuna wani abu da masu yaɗa shi ba sa son ambata: tazarar tana raguwa yayin da NP ke ƙara gogewa, kuma akwai NP da yawa da suka fi wasu likitocin.

Kada kuma a ɗauka awa 2,000 na PA laya ce. Faɗin horonsa shi ne rauninsa: ya leƙa ko'ina, bai zauna ko'ina ba. Yana iya barin sashen ƙashi yau ya koma na zuciya gobe ba tare da sabuwar jarrabawa ba, ya koyi sauran a bakin aiki. Wannan yana tafiya daidai ne kawai idan akwai likitan da ke tsaye a kansa da gaske. Ingila ta ga abin da ke faruwa idan babu. A 2022 wata matashiya 'yar shekara 30 ta rasu a Landan sakamakon gudan jini da ya toshe mata huhu, bayan ta je asibitin unguwa sau biyu, irin wannan ma'aikaci ya duba ta bai gano ba, ita kuma tana zaton likita ta gani. Maganar ta kai majalisa. Binciken da Farfesa Gillian Leng ta jagoranta ya fito a Yulin 2025 da shawarar a mayar musu da sunan "mataimaki", kuma a daina barin su su kaɗai da marar lafiyan da ba a riga an tantance cutarsa ba. Wato daidai lokacin da na Amurka ke gudun sunan, Ingila tana komawa gare shi.

Suna ba ƙaramin abu ba ne a nan. NP da yawa yanzu suna da digiri na uku a jinya, kuma a jami'a sun cancanci a kira su dokta. Amma a ɗakin duba marasa lafiya, wanda ya ji "dokta" likita yake nufi. A 2022 an ci tarar wata NP a Kaliforniya kusan dala 20,000 kan tallata kanta da wannan laƙabi. Wasu sun ce zalunci ne. Ni ina ganin marar lafiya yana da haƙƙin sanin wanda ya miƙa wa ransa, ko da sanin zai rage wa wani girma.

Abin da nake ganin ya dace ba sabon abu ba ne, an riga an gwada shi. Tun 1971 asibitin Montefiore da ke New York ya buɗe horon bayan makaranta ga PA masu son aikin tiyata. A 2007 wata cibiyar lafiyar al'umma a jihar Connecticut ta fara ba sababbin NP horon shekara guda ƙarƙashin ƙwararru. Har yau irin wannan horo na ganin dama ne, kuma guraben kaɗan ne. Da ni ke da iko, da na wajabta shi ga duk wanda ke son duba marasa lafiya shi kaɗai, NP ne ko PA, na kuma hana kowace makaranta karɓar kuɗin ɗalibar da ba ta tanadar mata wurin koyon aiki da malami ba. 'Yanci ya biyo bayan awannin da aka yi ana gyara maka kuskure, ba bayan ƙarfin ƙungiyarka a majalisar jiha ba. Masu cewa hakan zai rage ma'aikata a karkara suna da gaskiya ta wani fanni. NP da yawa su ne kaɗai abin dogaro a ƙananan garuruwa, kuma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma wanda zai zauna inda babu likita ko ɗaya kusa, shi ya fi kowa buƙatar cikakken horo, domin ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya yi tambaya.

A nan ne maganar ta taɓa mu. Gana ta fara horar da irin waɗannan mataimaka a Kintampo tun 1969, kuma yau hukumar likitoci ta ƙasar ce ke yi musu rajista. A Najeriya, tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga nas-nas da unguwarzoma da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkararmu da littafin ƙa'idojin aiki a aljihun tebur. Ba mu da zaɓin yin watsi da su, kuma ba ma fata. Amma duk lokacin da ƙungiyar likitoci da ta sauran ma'aikatan lafiya suka kaure, a kan muƙami da albashi da wa zai shugabanci asibiti ake yi. Ban taɓa jin an tafi yajin aiki ba don a san marasa lafiya nawa ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ya duba da hannunsa, a gaban wa, kafin a tura shi ƙauyen da zai zama shi ne likitan.